Mai Cokali

A unguwarsu, can bayan dutsen Dala a birnin Kano, ba kowa ne ya san sunansa na yanka ba. Yara da manya Mai Cokali suke ce masa, har baƙo kan zaci mai sayar da kwanuka ne. Alhali kuwa cokalin da ake nufi na ƙarfe ne mai yatsu biyu, kowane yatsa ya kai mita guda a tsawo, kuma abin da yake ɗiba a loma ɗaya ya fi ƙarfin ƙarti ashirin. Wato dai shi direban motar nan ne ta ɗaga kaya da ake gani a manyan sito-sito da masana'antu, wadda ma'aikata ke kira foklif. Ya shafe fiye da shekara talatin a kan kujerarta. Da za a auna tafiyar da ya yi da ita, da ta kai shi ƙasashe masu nisa ta dawo da shi, amma bai taɓa fitar da ita daga ƙofar ma'aikata ba.

Mahaifinsa ɗan dako ne, wanda ya zo Kano cirani a zamanin da gyaɗa ke tashe, bai kuwa koma ƙauye ba. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya haɓaka, har ta kai abin da ake sayowa ya fi ƙarfin taragun da za su kai shi Ikko, sai aka shiga jera buhuna a fili ana jiran jirgi. Asalin dalar gyaɗa ke nan, wadda ake dangantawa da attajirin nan Alhassan Ɗantata da ya rasu a 1955. Dala guda kan ci buhu har 15,000. Abin da ba a cika tunawa ba idan ana yabon dalar shi ne, babu buhu ko ɗaya a cikinta da ya hau da kansa. A kan mutum kowanne ya hau, a kan mutum kuma ya sauko. Tsohon yana cikin waɗanda suka yi wannan hawa da sauka, kuma aikin ya bar masa wani sani da ba a rubuce yake ba. In ya taɓa buhu da ƙafa yakan gane ko awon ya cika ko an rage. Kafin ya sunkuya kuwa sai ya zagaya buhun ya ga inda nauyinsa ya karkata. Yakan ce wa ɗansa kaya ba ya karya wanda ya tambaye shi, sai wanda ya far masa.

Farin farkon shekarun 1970, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin hukuma daga noma, su suka taru suka share dalar. Tsohon ya koma dako a kasuwa da tasha. Ana cikin haka gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a watan Satumba na 1976, aka kwashi yaran unguwa aka sa a makaranta, har da wannan yaro mai shekara shida. Malamai biyu ne suka tsaya masa a rai. Na farko malamin Turanci ne, mutum mai ƙwazo, sai dai yana da wata kalma da yake razana yara da ita. Duk wanda ya kasa karatu sai ya ce masa, "Ci gaba da wasa, ƙarshenka dako." Bai taɓa tambayar sana'ar iyayen yaran da ke gabansa ba, alhali da yawa daga cikinsu da kuɗin dako aka ɗinka musu rigar makaranta. Yaron kan sunkuyar da kai ko da ba shi ake wa faɗa ba, domin ya san wanda ake zagi.

Na biyu malamin lissafi ne na aji biyar. Wata rana ya ɗora rula a kan guntun alli, ya ajiye kwabo uku a gefe guda dab da allin, ya ajiye kwabo ɗaya a ɗaya gefen, can ƙarshen rula. Sai ga kwabo ɗaya ya rinjayi uku. Aji ya kaure da hayaniya, wasu na cewa siddabaru ne. Malam ya bari suka yi shiru, sannan ya riƙa matso da kwabon nan guda sannu a hankali har rula ta daidaita, ya ce, "Nauyi shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an tambayi nisansa daga tsakiya." Darasin bai wuce minti goma ba, bai kuma fito a jarrabawa ba.

Ya shiga ƙaramar sakandare a 1982, shekarar da aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4, wanda manufarsa ita ce yaro ya fita da sana'a a hannu. An kawo injunan koyon sana'a, amma a makarantarsu, kamar wasu da dama, a cikin akwatunansu suka tsufa, don babu lantarki, babu kuma malamin da ya san kansu. Yana aji uku wuyan mahaifinsa ya ƙi. Jijiya ta riƙe tun daga ƙeya har hannun dama, mutumin da ya hau dala da buhu ya koma ba ya iya ɗaga buta. Shi ne babba a maza. Ya ajiye jaka ya naɗa gammo, kalmar malamin Turanci ta tabbata a kansa, ko da yake ba ta hanyar da malamin ya zata ba.

Bayan 'yan shekaru a kasuwar Singa, wani maƙwabci ya samar masa aikin lebura a wata masana'anta a Bompai, inda ya fara ganin motar ido da ido. Ita dai ba baƙuwa ba ce a duniya. Tushenta wata 'yar motar jigilar kaya ce da kamfanin Clark ya ƙera a Amurka a 1917 don amfanin masana'antarsa, daga baya aka ƙara mata yatsu da tsanin da ke ɗaga su sama. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fito da ita fili, sa'ad da sojojin Amurka suka buƙaci loda jirage cikin gaggawa. Abokin tafiyarta shi ne faleti, wato ɗan dandamalin katako mai rami a ƙasa inda yatsun ke shiga, wanda in babu shi motar ba ta da wurin kamawa. Na ukunsu kwantena ce, wadda ta fara yaɗuwa daga 1956, lokacin da wani ɗan kasuwar Amurka, Malcom McLean, ya ɗora guda 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston. Waɗannan uku su suka sauke kayan duniya daga kan ɗan Adam, a duk inda suka sami shiga.

Wanda ke tuƙa ta masana'antar wani dattijon Bayarabe ne da ya yi aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Kowa Baba yake ce masa. Ya lura da yadda wannan lebura ke zagaya kaya kafin ya ɗauka, sai ya jawo shi jiki. Amma wata shida cur bai bar shi ya taɓa sitiyari ba. Aikinsa goge ƙura, da duba mai da ruwa, da bin motar a ƙasa yana kallo. Ranar da ya gaji ya ce, "Baba, yaushe zan hau?" sai dattijon ya ja hannunsa zuwa gefen kujera, ya goge wani ɗan allon ƙarfe da aka manna a jikin motar, ya ce, "Karanta mini wannan, ɗana. In ka gane shi, gobe ka hau."

Abin da ke rubuce kaɗan ne: kilo 2,500, sai kuma santimita 50. Ya ce motar tana ɗaukar tan biyu da rabi. Baba ya ce, "Rabin karatu ke nan. Hamsin ɗin fa?" Ya ja baya ya tsaya yana kallon motar daga gefe. Ga tayoyin gaba, ga yatsu sun miƙe a gabansu, ga wani dunƙulen ƙarfe mai nauyin gaske da aka ɗaura mata a baya. Sai rula da alli suka faɗo masa a rai. Tayoyin gaba su ne guntun allin, ƙarfen baya shi ne kwabo uku, kayan da ke kan yatsu kuwa shi ne kwabo ɗaya, wanda ƙarfin rinjayensa ke ƙaruwa duk sa'ad da ya matsa gaba. Ashe ma'anar rubutun ita ce, motar za ta ɗauki kilo 2,500 muddin tsakiyar nauyin kayan ba ta wuce santimita 50 daga gindin yatsu ba. In ta wuce, abin da za a iya ɗauka ya ragu, in kuwa aka matsa, tayoyin baya su tashi, mota ta ci da baki. Ya faɗa wa Baba haka da irin kalmomin da ya iya. Dattijon ya yi dariya ya ce akwai direbobin da suka shekara goma a kan kujera ba su san amfanin hamsin ɗin nan ba. Washegari ya hau.

Mai karatu da ya saba da motar titi zai ɗauka wanda ya iya waccan ya iya wannan. Ba haka abin yake ba. Foklif da tayoyin baya take juyawa, saboda haka in ta karya kwana gindinta ne ke sharo waje ya make wanda ya tsaya a inda yake zaton babu haɗari. Ƙarama ce a ido, amma mai ɗaukar tan biyu da rabi nauyin kanta kan kusa tan huɗu. Kuma ko da yake tayoyinta huɗu ne, a kan duwatsu uku take zaune kamar tukunya a murhu, domin sandar da ta haɗa tayoyin baya a tsakiyarta kaɗai aka maƙala ta. Muddin nauyi yana tsakanin duwatsun nan uku, lafiya lau. In aka ɗaga kaya sama kuwa, ɗan karkata kaɗan ya isa ya fitar da nauyin daga tsakaninsu, shi ya sa juyawa da kaya a sama ke kayar da mota ta gefe. Daga nan dokokin aikin suka fito, kuma Baba bai taɓa ba shi doka ba tare da dalilinta ba. A yi tafiya da yatsu ƙasa-ƙasa, kamar taƙi guda daga daɓe. A gangara, kaya ya fuskanci tudu, ko hawa ake ko sauka. In kaya ya tare gani, a tafi da baya. Kada a ɗauki mutum, kada a bar kowa ya gitta ƙarƙashin yatsu. Wadda ta fi wuyar karɓa ita ce ta kifewa: in mota ta tafi, kada direba ya yi tsalle. Ya riƙe sitiyari, ya tokare ƙafafu, ya karkata jikinsa ya bar ɓangaren faɗuwa, domin rumfar ƙarfen da ke kare kansa ita ce ke danne wanda ya nemi gudu. Jiki ba ya son wannan doka, sai an maimaita ta har ta zauna a jini.

Ranar aiki kan fara ne tun kafin a tayar da inji. Sai ya zagaya motar kamar yadda mahaifinsa ke zagaya buhu, ya duba taya, da sarƙa, da yatsu ko sun tsage a gwiwa, da ƙasan motar ko mai ya ɗiga cikin dare. Ba a laluben yoyon tiyon da ke ɗaga tsani da hannu, domin man da ke tsartuwa da ƙarfi yana iya huda fata. Mai inji ba a barin ta tana aiki a rufaffen wuri, saboda a hayaƙinta akwai iska mai guba marar wari. Sauran yinin kuma maimaici ne: ɗauka, ja da baya, juya, ajiye, sau ɗaruruwa, a ƙarƙashin rufin kwano, a watan Afrilu da zafin Kano ke kai digiri 40, wani lokaci da azumi a baki. Maimaicin nan shi ne babban abokin gaba, don hankali kan tafi gida ya bar jiki a kan kujera. Ya ga abokan aikin da suka nemi taimakon ƙwaya don su jure, ya kuma ga inda ta kai su. Shi ma aikin bai ƙyale shi ba. Waiwayen shekara da shekaru ya taurara masa wuya, har yakan ce ciwon gidansu ne, uba ya same shi ta ɗauka, ɗa ya same shi ta waiwaye.

Masana'antar ba ta ɗore ba. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ga tsadar kayan gyara, ga rashin lantarki, ga kayan waje masu araha, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Baba ya koma garinsu. Shi kuwa ya yi watanni yana taɓa acaɓa kafin ya sami gurbi a wani sito kusa da kasuwar Dawanau, a kan hanyar Katsina, inda ake tace riɗi da zoɓo ana fitarwa ƙasashen waje. A nan ya koyi cewa ido maƙaryaci ne a sha'anin nauyi. Zoɓo, wanda akasari Meziko ake kai shi, kan cika wuri ya tsorata mai kallo alhali fayau yake. Riɗi kuwa, mai zuwa Japan da Sin da Turkiyya, buhu hamsin masu kilo hamsin-hamsin sun cinye ƙarfin motar kaf, tun ba a lissafa nauyin faletin ba.

A nan kuma ya haɗu da abin da ya fi riɗi nauyi. 'Yan dakon siton sun karɓe shi da fuska a murtuke, kuma suna da hujja. Aikin da mutum ashirin za su yini suna yi, motar kan gama shi kafin azahar, su kuwa a kan buhu ake biyansu. Wasu daga cikinsu 'ya'yan abokan mahaifinsa ne. Ba shi da amsar da zai ba su, don ya san lissafinsu daidai ne. Abin da ya sassauta lamarin shi ne motar tana da iyaka. Ba ta shiga lungunan kasuwa masu rami da taɓo, kuma buhun da ya zo daga ƙauye ba a kan faleti yake zuwa ba. Hatta kwantenar riɗi da hannu ake jera ta don kada a yi asarar wuri. Sai aka yi rabo, shi ya kawo faleti bakin kwantena, su kuma su jera a ciki. An rage musu tafiya, an kuma rage musu yawa, wanda aka sallama kuwa ba ruwansa da alherin farko.

Abin da ya sa ake ba da labarinsa a wurin ya faru ne wata ranar Alhamis da la'asar sakaliya. Tirela ta kawo sabon injin tace riɗi cikin akwatin katako, takardar da ta zo da shi ta nuna kilo 2,200. Manaja ya dubi takarda, ya dubi allon motar, ya ce a sauke. Mai Cokali ya ɗauko tef ya auna akwatin, ya tarar zurfinsa ta inda yatsu za su shiga mita biyu ne, wato tsakiyar nauyin tana nisan mita guda, ninki biyu na abin da allon ya yarda da shi. A irin wannan nisa, abin da motar za ta ɗauka bai wuce kimanin kashi biyu cikin uku na ƙarfinta ba.

"Yallaɓai, ba za ta ɗauka ba," in ji shi. "Sai dai a nemo babba, ko a kwance injin a sauke shi gunduwa-gunduwa."

"Dubu biyu da ɗari biyu ne ya fi dubu biyu da ɗari biyar? Ko lissafin ma sai na koya maka?"

"Allah ya huci zuciyarka, yallaɓai. Nauyin bai fi ba, nisan ne ya fi."

Manajan ba mugu ba ne. Ga mai kamfani yana bugo waya, ga direban tirela na cewa kowane kwana da kuɗinsa, ga gobe Juma'a. Abin da ya rasa shi ne haƙurin sauraron wanda bai gama sakandare ba, a gaban leburori. Ya ce in ba zai yi ba ya sauka, akwai masu yi, kada kuma ya dawo sai an neme shi. Mai Cokali ya kwantar da yatsu a ƙasa, ya ja birkin hannu, ya kashe inji, ya sauka. Ransa a ɓace, ya nufi ƙofa bai waiwaya ba. Makullin kuwa yana jikin motar.

Wani saurayi da ya ɗan iya tuƙi ya haye. Yana fara ɗagawa tayoyin baya suka yi sama, sai aka yi abin da ake yi a wuraren da gaggawa ta fi rai daraja, aka ce ƙarti uku su hau bayan motar su ƙara mata nauyi. Akwatin ya tashi. Saurayin ya ja da baya ya bar tirelar, ya fara saukewa, sai ya ga kayan na gudu, ya tsayar da tsanin farat ɗaya. Wannan girgiza ce ta ƙarasa abin. Gindin motar ya tashi ya watsar da mutanen da ke kansa, akwatin ya zame ya sauka a ƙafar wani ɗan dako da ke dafe da shi ta gefe wai kada ya karkace. Ƙashi ya karye ƙasa da gwiwa. Mai Cokali bai kai bakin titi ba ya ji salati.

Bayan mako uku aka aiko ya dawo. Ba wanda ya ba shi haƙuri, ba a kuma biya shi kwanakin da ya yi a gida ba. Mutanen wurin suka riƙa yi masa kallon wanda gaskiyarsa ta fito, amma shi bai ji daɗin kallon ba, domin a ganinsa rabin aikin ya yi. Baba ya sha gaya masa cewa direba ba ya barin makulli a mota ko da alwala zai je. Ranar nan fushi ya sa ya tsira da mutuncinsa ya bar motar ga wanda bai san hamsin ba. Ko da ya zare makullin mai yiwuwa manaja ya sa a karɓa, amma da an ɓata minti goma ana jayayya, minti goma kuwa kan isa zuciya ta sauka. Mutane sun ce masa ƙaddara ce. Ya yarda ƙaddara ce, bai dai yarda ta wanke shi ba. Tun daga ranar makullin yake rataye a wuyansa da zare kamar laya.

Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta a riƙa duba na'urorin ɗaga kaya lokaci-lokaci, wata dokar ta 2010 kuma ta tanadi diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki. Amma ɗan dakon da ake biya a kan buhu, wanda sunansa ba ya cikin rajistar kowa, da wuya doka ta san da zamansa. Kamfani ya biya kuɗin asibiti na farko, 'yan uwansa 'yan dako suka yi karo-karo, mai ɗori ya ƙarasa sauran. Ƙafar ta warke a karkace.

Matasa kan zo wurinsa neman koyo, yakan kuwa faɗa musu yadda sana'ar take, ba ƙari ba ragi. Albashinta ya fi na lebura, yana kuma zuwa wata-wata, amma ba ta mai da kowa attajiri ba. Tana da matakala, daga ƙaramar motar sito zuwa manyan da ke ɗaga kwantena sukutum, ko zuwa kula da sito gaba ɗaya ga wanda ya iya rubutu da kwamfuta. Ƙofofinta sun ɗan ƙaru a Arewa da buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Kaduna a 2018, da ta Dala a Zawaciki a 2023. Manyan kamfanoni takardar shaidar horo suke nema, ba su wadatuwa da "na iya". A Amurka doka ce mai kamfani ya horar da direba, ya kuma sake gwada shi duk shekara uku. A nan kuwa galibi a hannun irin su Baba ake koyo, sai dai mutum ya yi sa'ar malami. An taɓa nuna masa a waya wani sito a ƙasar waje inda motoci ke kai da komo ba direba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce yanzu ya san abin da 'yan dako suka ji ranar da ya iso.

Duk wanda ya zo koyo, da allon ƙarfe yake fara masa. Abin da ke ba shi takaici shi ne yawan masu takardar sakandare da ke karanta lambobin biyu sarai, su kasa faɗin abin da ya haɗa su. Sun haddace ƙa'idar a aji, wasu ma sun ci ta a jarrabawa, amma ba wanda ya taɓa ɗora musu rula a kan alli.

'Yarsa ta biyu tana kwalejin horar da malamai. Da aka tura ta gwajin koyarwa a wata firamare, ta zo masa da dare tana kukan babu kayan aiki a makarantar. Ya tambaye ta, "Akwai rula?" Ta ce, "Akwai, Baba." Ya ce, "Alli fa?" Ta ce akwai. Kwabo ya daɗe da ɓacewa, saboda haka ya aiki ƙaninta ya tsinto marfin kwalba guda huɗu a wajen mai shago. Suka zauna a tabarma ya nuna mata, ta yi dariya ta ce ai ta san wannan, har sunansa na Turanci ta sani. Ya ce to, ta bari yaran su matsar da marfin da hannunsu, kada ta matsar musu. Har ta miƙe sai ya ƙara da cewa, in ta shiga aji ta fara sanin sana'ar iyayensu kafin ta zaɓi abin da za ta tsorata su da shi. Ba ta gane dalilin maganar ba, shi ma bai yi mata bayani ba.

Da sassafe ya tafi aiki. A bakin ƙofar siton akwai mai shayi, mutum mai ɗingishi, wanda 'yan dako suka haɗa wa jari shekarun baya. Kullum a nan yake karyawa, ko da ya ci a gida. Suka gaisa, ya sha, ya biya. Mai shayi ya ce, "Yau tirela uku ce, Malam, ɗaya tun dare take nan." Ya ce to, Allah ya ba da sa'a. Ya shiga ciki ya tarar sabon yaronsa ya riga ya goge motar, yana tsaye yana jira. Ya ciro zaren daga wuyansa, ya riƙe makullin a hannu bai miƙa ba, ya ce, "Zagaya ta tukuna, ka gaya mini abin da ka gani."